Me 262 da tambarin Amurka ko Ingila: ku fara shimfiɗa farin fenti

Masu haɗa ƙananan jiragen roba, kafin ku manna sitikar tauraron Amurka ko zoben sojan saman Ingila a jikin Me 262, jirgin saman yaƙin Jamus na Yaƙin Duniya na Biyu, ku fesa farin da'ira a gurbin tukuna.

Sitikar da ake jiƙawa a ruwa siririya ce ƙwarai. Fentin Jamus na ƙarshen yaƙi kuwa kore ne mai duhu da ruwan ƙasa. In kuka manna kai tsaye, farin tauraron zai dishe ya koma ruwan toka, rawayan zoben Ingila kuma ya yi kore-kore.

Ku auna faɗin sitikar, ku yanke rami a tef wanda ya gaza ta da rabin milimita. Fesawa biyu marasa kauri sun isa. A bar shi ya kwana, a bi da fanis mai sheƙi, sannan a jiƙa sitikar a ruwa mai ɗumi kamar daƙiƙa 20. In fentin ba sheƙi, iska za ta maƙale a ƙarƙashi, gefen sitikar ya riƙa ƙyalli kamar azurfa.

Inda dabarar ke ba da kunya: in ramin ya fi sitikar faɗi, farin zai leƙo ta gefe, kuma gyaransa wahala ne. Haka gangar jikin Me 262 ba zagayayya ba ce, ta fi kama da alwatika, don haka tef na ɗagawa a kusurwar ƙasa. Ku danne shi sosai da tsinken sakace.

In jirgin ganima kuke so, irin waɗanda Amurkawa suka kama a 1945, ku shafe tambarin gicciye na Jamus da koren da ya ɗan bambanta, tabon ya fito kaɗan a gefen tauraron.