Tace jerin zaɓi a fom ɗin Django: inda sababbin hannu ke tuntuɓe

Bakina ya gaji da maimaita gyara iri ɗaya ga ƙannenmu masu koyon Django, wato kayan aikin gina shafukan intanet da harshen Python, a nan Birnin Kebbi.

Kuskuren da ya fi ƙona mini rai shi ne a tace jeri a burauza kaɗai. Ɗauki fom ɗin rajistar manoman shinkafa: mutum ya zaɓi Kebbi, JavaScript ya fito masa da ƙananan hukumomi 21, ga Argungu, ga Jega, sai ka miƙe ƙafa wai aiki ya ƙare. Ina! ModelChoiceField, wato gurbin zaɓi na fom ɗin Django, ba ruwansa da abin da ido ya gani, queryset ɗin da ka ba shi (jerin bayanan da aka ɗebo daga rumbun bayanai) kawai yake dubawa. Muddin ka bar shi a kan objects.all(), wato duka jerin ba tacewa, duk wanda ya sauya lambar zaɓin kafin ya tura, saba (kwamfutar da ke karɓar fom ɗin) za ta karɓa. Wannan ya taɓa raba ni da kwangila sukutum: an rubuta buhunan taki da sunan manoman wata ƙungiya daban, aka yi ta zargin juna, daga ƙarshe laifin ya faɗo kan manhajar. Ni dai a cikin __init__, wurin da ke aiki duk sanda aka gina fom, nake tacewa. In cire user (mai cika fom ɗin) daga kwargs (bayanan da aka miƙo wa fom) da pop kafin in kira super, sannan in ɗora filter a kan self.fields, wato guraben fom ɗin, don a tace jerin bisa user ɗin. Kuma don Allah ku miƙa wa fom ɗin user lokacin POST (turo fom) ma, ba GET (buɗe fom) kaɗai ba.

Masu farawa da none(), wato jeri wayam, su manta da cika jerin daga self.data (abin da mai cika fom ya turo), fom ɗinku zai ƙi kowane zaɓi, har na gaskiya.

Sai masu saka date.today(), mai ba da kwanan watan yau, a jikin class ɗin fom. Haba ɗan'uwa! Python sau ɗaya yake karanta wurin nan, lokacin da aka tayar da saba. Ranar ta daskare ke nan, mako ya zagayo fom yana nuna bayanan ranar da aka kunna shi. A kwamfutarka ba za ka lura ba, tunda runserver, sabar gwaji ta Django, na sake tashi duk sanda ka taɓa fayil. Ka mayar da shi cikin __init__, ko ka ba limit_choices_to, mai taƙaita zaɓuɓɓuka, function ɗin da zai riƙa kira.

Kada ka manna rubutun mai cika fom cikin SQL (umarnin rumbun bayanai) da hannunka, ƙofa ce ka buɗe wa ɓarawo. In kuma suna ya fito sau biyu bayan ka tace ta wani tebur, distinct() mai cire maimaici ka manta.