Yadda ake jinya bayan aikin buɗe magudanar hawaye

A wannan aikin, likita yana cire ɗan ƙashin da ya raba jakar hawaye da kogon hanci, ya buɗe wa hawaye sabuwar ƙofa. Wani ta yankan fata a gefen karan hanci yake shiga, wani ta cikin hancin da na'urar hange. Ko ta ina aka bi, ainihin raunin yana cikin hanci, kuma jiki zai yi ta ƙoƙarin rufe shi da tabo. Rufewar nan ce babban abin da ke mayar da hawaye bayan an sha wuya, saboda haka yawancin jinyar ta hanci ce.

Kwana biyun farko na haɓo ne da kumburi. A kwanta da matashi biyu ko uku, kai a ɗage. A naɗe ƙanƙara a tsumma mai tsabta, a ɗora kan karan hanci minti 10 zuwa 15, sau da yawa a yini. Shayi da kunu a bari su huce, domin zafi yana buɗe jijiyoyin jini. Don ciwo a sha farasitamol. Asfirin, ibufurofen da dikulofenak suna hana jini tsayawa, kada a saye su a kemis. Mai shan maganin tsinka jini kuwa, likita ne zai faɗa masa ranar dakatawa da ranar komawa.

Ɗigon jini kaɗan ba abin tsoro ba ne. In ya zubo sosai, a zauna, a ɗan sunkuya gaba, a matse lallausan hanci minti 10 ba a saki ba. Ya wuce minti 20 bai tsaya ba, sai asibiti. Haɓo yakan dawo wajen mako guda, lokacin da ɓawon raunin ya ɓamɓare.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne fyace majina. Mako biyu cur kada a fyace. Iskar takan bi sabuwar ƙofar ta shiga ƙarƙashin fata, fatar ido ta haye nan take, ga jini ya ɓalle. Atishawa in ta zo, a yi ta baki a buɗe. Wannan ya shafi alwala: a bar shaƙa ruwa da fyacewa, waɗanda a Malikiyya sunna ne. A tambayi likita kuma ko a yi sallah a zaune a makon farko, don sunkuyawa tana tara jini a kai. Kwalli, hayaƙin turaren wuta, sigari da tabar shaƙa duk a jingine su. Da hunturu a sa takunkumi, ƙura da bushewar iska suna ƙara ɓawo.

Ruwan gishirin feshin hanci da aka rubuta, kada a raina shi. Shi ke jiƙa ɓawon ya fita, ƙofar ta zauna a buɗe. Maganin ɗigawa a ido da na hanci a cika kwanakinsu. Mai ciwon suga ya tsare sugansa, rauninsa ya fi jinkirin kamewa.

Ɗinkin fata ana cire shi bayan kamar mako guda. Siririyar robar da likita kan zura a magudanar hawaye, wadda ake gani a kusurwar ido, tana zama makonni, wani lokaci wata uku ko fiye, kuma hawaye kan ci gaba da zuba har a zare ta. Kada a murtsuke wajen. In ta zazzago ta yi lanƙwasa a kan ido, kada a ja, kada a yanke. A manna ta da filasta a gefen hanci, a tafi asibiti.

Zazzaɓi, mugunya, ja da zafin da ke ƙaruwa, ko gani ya ragu, a koma ga likita a ranar, ko da ranar da ya sa ba ta zo ba.