Yadda Ake Haɗa Maɗori Mai Ƙarfi Ga Babban Tankin Murjani

Mai son kiwon murjani (halittar teku mai rai da ke kama da dutse ko tsiro) da kifayen teku a gida yakan ɗauki makonni yana zaɓen gilashi da fitilu, sai a ƙarshe ya tuna da abin da zai ɗora tankin a kai. Alhali fitila ko famfo in sun ɓaci ana canza su a yini ɗaya, shi kuwa maɗori ba ya gyaruwa sai an kwashe ruwa da duwatsu da duk mai rai da ke ciki.

Mataki na farko shi ne lissafin nauyi. Tanki mai tsawon santimita 180, faɗi 60, zurfi 60 yana cin lita 648. Litar ruwan teku ta ɗan ɗara kilo guda, kusan 1.025, ke nan ruwan kaɗai ya haura kilo 660. Gilashin tanki irin wannan, in kaurinsa milimita 12 ne, ya kusa kilo 120. Ga duwatsu da yashi, ga ƙaramin tankin tacewa da ke zama a ƙasa da nasa ruwan. Jimilla ka doshi tan guda, kuma nauyin zai zauna dare da rana har shekaru. Saboda haka ka duba daɓen ɗakin tun yanzu. Na kankare ba shi da matsala. In bene ne na katako, sai maɗorin ya ratsa azarorin da ke ƙarƙashi, kada ya bi tsawon guda ɗaya, ya kuma zauna kusa da bango mai ɗaukar nauyi. A nan kiran injiniyan gini ba asara ba ce.

Na biyu, tsayi. Auna na'urar da ke kwashe datti daga ruwa ta hanyar kumfa, wadda za ta zauna a cikin maɗorin, ka ƙara sararin da za a ɗaga kofinta a fito da shi don wanki. Santimita 90 zuwa 100 yakan wadatar.

Sai katako. Nemi busasshe, ka ɗaga kowane sanda ka kai ido a bakinsa ka hangi tsawonsa. Wanda ya karkace ko ya murɗe, mayar da shi. Ɗanyen katako zai bushe bayan ka gama aiki, ya ja kansa, saman maɗorin ya ɓaci. Allon garin katako da aka matse kuwa kada ya shigo aikin nan ko kaɗan, domin da ya sha ruwa sai ya kumbura ya ruguje. Filawud mai kaurin milimita 18 shi ne abin nema. Akwai masu fifita bututun ƙarfe da walda don ya fi barin fili a ciki, kuma yana da kyau, amma duk inda fentinsa ya kwarzane, gishiri zai fara cinsa daga nan.

Yanzu ka haɗa firam biyu masu girma ɗaya, na sama da na ƙasa, daidai da gindin tankin. Auna daga kusurwa zuwa kusurwar da ke fuskantarta, sannan ka auna ɗaya ɓangaren. In awon biyu bai zo ɗaya ba, firam ɗin a karkace yake, gyara shi kafin gam ya kama.

Ƙafafu su ne zuciyar aikin. Kuskuren da ya fi yawa shi ne a jingina ƙafa a gefen firam a ɗaure da sukurori, sai duk nauyin tankin ya rataya a kan 'yan ƙarafan nan. Abin da ake so shi ne katako ya hau kan katako: firam na sama ya zauna a kan ƙafa, ƙafa ta zauna a kan firam na ƙasa, na ƙasa ya kwanta a daɓe. Aikin sukuru shi ne ya hana sassan rabuwa, ba ya ɗauki kaya ba. Don haka a kowace kusurwa ka sa dogon sanda ta ciki wanda zai riƙe firam biyun, sannan ka yanka gajeru biyu ka cusa su tsakanin firam na sama da na ƙasa. Waɗannan gajerun su ne masu ɗaukar nauyi. Ka yanka su duka da awo ɗaya tak, domin in ɗaya ya gaza da milimita biyu, 'yan uwansa ne za su yi masa aikinsa. Shi ma dogon sandan na ciki ka ɗan rage masa tsawo, kada ya taɓa tanki ko daɓe.

Gaban maɗori yana da tasa rigimar. Kana son ƙofa mai faɗi don tankin tacewa ya shiga, amma ƙafar tsakiya tana tare hanya. In za ka cire ta, sai katakon gaba na firam ɗin sama ya ƙara zurfi. Taurin azara yana bin zurfinta ne ninki uku na lissafi, wato zurfi sau zurfi sau zurfi. Katako mai zurfin milimita 140 ya kusa ninka mai milimita 89 sau huɗu wajen ƙin lanƙwasa, in kaurinsu ɗaya. Ni dai a tanki mai tsawon santimita 180 na fi son barin ƙafar tsakiya, a shigar da tankin tacewa ta gefe.

Firam mai ƙafafu tsaye zai iya ɗaukar tan guda amma ya kife in an tura shi ta gefe, kamar kwalin da aka buɗe bakinsa da gindinsa. Maganin shi ne ka lulluɓe baya da gefuna da filawud, da gam da sukurori. Ramukan bututu da waya ka yanke su a tsakiyar allon, ka bar gefunansa cikakku.

Saman ya zama shimfiɗaɗɗe sarai. Ɗora doguwar rula ta ƙarfe, ka haska tocila ta baya. Duk inda haske ya ɓullo, akwai kwari. Tankin da ke da firam na roba a gindinsa gefunansa yake zama a kai. Wanda ba shi da firam, da na akirilik (roba mai kama da gilashi), suna buƙatar allo cikakke a ƙarƙashi, kuma marar firam na gilashi ana sa masa siririyar shimfiɗar soso don kada ƙwayar yashi guda ta danni gilashin. Soson ba ya gyara karkataccen sama. Bi umarnin wanda ya ƙera tankin.

Kafin tanki ya hau, shafe ciki da waje da fentin da ruwa ba ya ratsawa, musamman bakin yanka inda katako ya fi shan ruwa. Yi wa ƙasan ciki ɗan baki mai tsayin santimita biyar, ka toshe kusurwoyi da silikon, ya zama faranti mai tare yoyo. Sukurori da hinjis su kasance na ƙarfen da ba ya tsatsa, lamba 316 ta fi jure gishiri. Bar kafar iska, ka kuma ware soket a wani sashe busasshe, sama da ruwa, da na'urar da ke yanke wuta in ta zurara.

A ƙarshe ka kai maɗorin mazauninsa ka duba lebur ta tsawo da ta faɗi. Ciko a ƙarƙashin maɗori ake sa shi, daidai saitin ƙafafu, ba tsakanin maɗori da tanki ba. Zuba ruwan famfo kashi ɗaya cikin uku, ka duba lebur, ka ƙara, ka sake dubawa, har ya cika. Bar shi kwanaki. In layin ruwan ya fi kusa da baki a wata kusurwa, zubar da ruwan ka gyara cikon tukuna, kafin gishiri ya shiga.