Kurakuran da Iyalai ke Yi Wajen Zaɓen Gidan Jinya Bayan Sallama daga Asibiti a Amurka

A Amurka, dattijon da aka yi wa tiyatar karayar ƙugu, ko wanda ya samu shanyewar ɓarin jiki, sau da yawa ba ya wucewa gida kai tsaye idan an sallame shi. Akan tura shi gidan jinya na 'yan makonni, inda nas-nas da masu gashin ƙashi za su kula da shi har ya iya tsayuwa da ƙafafunsa. Hausawa mazauna can, irin waɗanda ke unguwar Bronx a birnin New York, sukan ga wannan tsari baƙo ne, domin a gida dangi ne ke jinya.

Kuskuren da ya fi kowanne illa shi ne karɓar gidan da jami'in sallama ya fara ambata, ko zaɓen wuri saboda kusancinsa da kyawun gininsa. Majinyaci yana da 'yancin zaɓi, kuma ya kamata iyali su nemi jerin gidajen da ke da gado, su duba su a shafin intanet na Care Compare na hukumar da ke kula da Medicare, inshorar lafiya ta gwamnati ga tsofaffi. Tun Disambar 2008 hukumar take ba gidajen jinya tauraro ɗaya zuwa biyar, bisa sakamakon binciken jami'an lafiya, da yawan ma'aikata, da wasu ma'aunan ingancin kulawa. Sai dai tsayawa a kan jimillar taurarin ma kuskure ne, saboda wani ɓangare na ma'aunan ingancin gidajen ne da kansu ke bayar da shi. A ganina, abin da ya fi cancantar nazari shi ne alƙaluman ma'aikata, waɗanda ake ciro su daga takardun albashi, tare da adadin majinyatan gajeren zama da aka sake mayarwa asibiti. Gidan da nas ɗaya ke fama da mutane da yawa, nan ne ake makara wajen juya mara lafiya har gyambon kwanciya ya fito, nan ne kuma zazzaɓi ko ruɗewa ke wucewa ba a lura ba sai abu ya yi tsanani. Daga 2022 shafin yana nuna yawan ma'aikatan ƙarshen mako da yadda suke barin aiki, don haka wanda zai je ganin wuri ya je ranar Asabar da yamma, ya lura da tsawon lokacin da ake ɗauka kafin a amsa ƙararrawar kira.

Akwai kuma kuskuren kuɗi. Asalin Medicare, wadda gwamnati ke gudanarwa kai tsaye, ba ta biyan gidan jinya sai majinyaci ya yi kwana uku a jere a matsayin wanda aka kwantar a asibiti, kuma ranar sallama ba ta cikin lissafi. Mutum zai iya kwana a gadon asibiti alhali a takarda sa ido kawai ake yi masa, waɗannan kwanakin kuwa ba a ƙirga su. Maganin wannan shi ne a tambayi matsayinsa tun ranar farko. Haka nan kwana 100 da ake yawan faɗa cewa Medicare na biya iyaka ce, ba alkawari ba: kwana 20 na farko ne ake biya gaba ɗaya, daga na 21 kuma majinyaci yana biyan kasonsa kullum, wanda a 2025 ya kai dala 209.50. Masu Medicare Advantage, wato tsarin Medicare da kamfanoni masu zaman kansu ke gudanarwa, dokokinsu sun bambanta, sai su tuntuɓi kamfaninsu.

Wasu iyalan sukan haƙura da zarar an ce za a dakatar da biya don majinyaci ya daina samun ci gaba. Sulhun shari'ar Jimmo na 2013, ƙarar da majinyata suka shigar kan Medicare, ya tabbatar cewa rashin ci gaba kaɗai ba hujja ba ce, muddin ana buƙatar ƙwararru don hana jikin taɓarɓarewa. Dole ne a ba da takardar sanarwa aƙalla kwana biyu kafin dakatarwar, kuma a jikinta akwai lambar da za a kira don ɗaukaka ƙara cikin gaggawa. Kawaici halin kirki ne, amma a nan yana iya sa a mayar da tsoho gida bai iya zuwa bayan gida da kansa ba.

Ranar barin gidan jinyar ma takan zo da nata sakacin, musamman a kan magunguna, domin majinyaci yakan koma gida da sabon jeri alhali tsofaffin kwalabe na nan a ɗaki, sai ya haɗa biyu masu aiki iri ɗaya, kamar na hawan jini ko na tsinka jini. A zauna da nas a bi jerin ɗaya bayan ɗaya, a rubuta wanda aka daina da wanda aka canza, a kuma tsayar da ranar ganin likita cikin mako ɗaya zuwa biyu tun kafin a fita. Kafin ya iso gida a naɗe dardumar da za ta iya harɗe shi, a sa abin riƙewa a banɗaki, a bar fitila a kunne tsakanin gado da ƙofa.