Kwana biyu a Abuja da ɗan guzuri: inda kuɗin baƙo ke zurarewa

Yawancin masu zuwa Abuja daga Kano, Katsina ko Bauchi wata buƙata ce ke kawo su: neman biza, bin takarda a Sakatariyar Tarayya, ganawar neman aiki ko bikin ɗan'uwa. Sai mutum ya ce bari ya ƙara kwana ɗaya ya ga gari, ya koma gida yana rantsuwa cewa Abuja ba wurin talaka ba ce. Gaskiya akwai tsada, amma in ka zauna ka yi lissafi za ka tarar ba tuwo ne ya cinye kuɗin ba, mota ce. An zana garin ne don masu abin hawa, unguwanninsa a warwatse suke, kuma baƙon da bai san haka ba kullum yana kan titi yana biya.

Daga masauki ake fara tafka kuskure. Mutum ya ji ɗaki ya fi araha a Mararaba ko Masaka, ya kama can, bai san ya bar Abuja ya shiga jihar Nasarawa ba. Da asuba duk ma'aikatan da ke kwana a wannan yanki hanya ɗaya suke bi, ta Nyanya zuwa mahaɗar AYA da ke Asokoro, da yamma kuma su juyo tare. Kana iya ɓata awa biyu a cunkoson, ka makara wurin da aka ba ka ƙarfe tara, sannan rarar da ka yi a kuɗin ɗaki ta tafi a kuɗin mota. Fara tambayar inda ofishin da za ka yake, sannan ka nemi ɗaki. In harkarka a tsakiyar gari take, ƙananan masaukai na Garki, Utako, Jabi ko Wuse sun fi maka ko da sun ɗan ɗara. In kuwa ɗan'uwa ne zai sauke ka a Kubwa ko Lugbe, to ka fita da sassafe, ka kuma baro gari kafin a tashi daga aiki.

Wanda ya saba ɗaga hannu acaɓa ya tsaya zai sha mamaki, don tun 2006 aka hana su aiki a tsakiyar birnin, Keke Napep ma ba ko'ina yake shiga ba. Ganin haka sai baƙo ya riƙa ɗaukar shatar tasi duk inda za shi, alhali mutanen gari motar haɗaka suke hawa, wadda suke kira "alon", kowa ya biya kuɗin kujerarsa. Sai dai a nan ne ake buƙatar lura. 'Yan wan-cans da irin waɗannan motoci suke fashi: ka shiga ka tarar da "fasinjoji" uku, ashe duk bakinsu ɗaya. Hau mota a tasha ko inda ake lodi, kamar Berger, Area 1 ko Jabi, kada ka tare ta a bakin titi, musamman bayan magariba. Da dare gara ka kira tasi ta manhajar waya irin Bolt ko inDrive, ka duba lambar motar kafin ka buɗe ƙofa. Mai zuwa ta jirgin ƙasa daga tashar Rigasa ta Kaduna shi ma ya sani tashar Idu tana bayan gari; in masaukinsa Kubwa ne ko Gwarinpa, sauka a tashar Kubwa ya fi masa sauƙi.

Batun sayayya kuwa, abin da ya fi ba ni dariya shi ne Bakano ya shiga Kasuwar Wuse yana cinikin shadda da atamfa. Da yawa daga kayan nan daga Kantin Kwari aka ɗauko su, aka ɗora kuɗin mota da hayar shagon Abuja, kai kuma za ka sake mayar da su Kano a matsayin tsaraba. Kasuwar Wuse tana da daɗin zagayawa, kuma Hausa za ta kai ka ko'ina a cikinta, amma farashin farko na gwaji ne. Yaran da ke tarar ka a bakin ƙofa suna "Alhaji me ake nema?" ladansu a cikin kuɗin da za ka biya yake. Ka gode musu ka wuce, ka taya a shago biyu ko uku, ka kuma tuna ana rufe kasuwar da yamma, ba ta kaiwa dare. Gwanjo sai kasuwar Karmo ranar Talata. Kayan marmari da yawa sai Zuba, wadda dama kan hanyar komawa Kaduna take. Manyan kantuna irin na bakin tafkin Jabi a shiga a sha sanyi a ba ido abinci, ba sai an ɗauki kwando ba.

Abinci ba wuya: bi ma'aikata da azahar. Masinja da direba da ƙaramin akawu ba a Maitama ko Wuse 2 suke cin rana ba, suna da masu tuwo da shinkafa da wake a bayan ofisoshi, kuma inda layi ya fi tsawo nan ne tukunya ba ta kwana. Kilishin tsaraba a Area 1 ake samunsa, a ba ka ɗanɗano kafin a yanka. Gasasshen kifi kuma kasuwar barikin Mogadishu, wanda har yanzu ake ce wa barikin Abacha. Nuna kifinka, ku gama ciniki kafin ya hau wuta, don in ya gasu ba sauran tayi.

Wuraren kallo da suka fi kyau kusan ba sa cin kuɗi. In zuwanka ya haɗa da Juma'a, yi salla a Masallacin Ƙasa, ka tsaya bayan an idar: masu turare, huluna, dabino, littattafai da fura da nono duk sun baje a kewayensa. Da la'asar ka wuce Millennium Park a Maitama, wanda Sarauniyar Ingila Elizabeth ta buɗe a Disambar 2003, ka shimfiɗa darduma ƙarƙashin bishiya. Dutsen Aso daga nesa ake kallonsa. Kada zumuɗi ya sa ka ɗaga waya a ƙofar Fadar Shugaban Ƙasa, Majalisa ko wani bariki, don jami'an tsaro na iya karɓe ta, ka wuni kana ba da haƙuri.

Dutsen Zuma da ke jikin takardar naira 100 ma kada ka ɗauki shata dominsa. Ba a cikin Abuja yake ba, yana jihar Neja kusa da Madalla, a bakin hanyar Kaduna. Ranar komawa ka zaɓi kujerar taga, ko in motar gida ce direba ya tsaya minti biyar a yi hoto.