In asiransi ta rage maka kuɗin gyaran mota

Bara wata babbar mota ta murƙushe mini ƙofar mota a hanyar Mirriya. Kamfanin asiransi ya yanke jika 150, alhali makanikena a nan Damagaram ya ce ƙofar kaɗai ta fi haka. Raina ya ɓaci ƙwarai.

Ɗan'uwa, in ba ka yarda da kuɗin ba, kada ka sa hannu a takardar karɓa. Ka adana konstar jandarma, wato takardar da suka rubuta kan hatsarin, da hotunan da ka ɗauka kafin a taɓa motar. Nemi kwafin rahoton mai kimanta ɓarnar, ka bi shi layi-layi. A nan na gano ko kuɗin fenti ba su sa ba. Ɗauko naka gwanin ya sake kimantawa, ko da daga aljihunka za ka biya shi. Ƙorafi kuwa a rubuce za ka kai wa kamfanin, su buga tambari a kwafinka.