Idan haɗi ya taru a sabar kwafi ta PostgreSQL

Da zarar sabar kwafi (wadda ke kwafar bayanan babbar sabar, karatu kawai ake yi a kanta) ta fara korar masu shiga da saƙon "too many clients already", kada ka yi gaggawar ɗaga max_connections, wato iyakar yawan haɗi, daga 100 ɗinsa na asali. Canjin ba ya kamawa sai an sake tayar da sabar, kuma kowane haɗi yana cin nasa kason na RAM.

Shiga da asusun postgres, wanda aka ware wa irinsa gurbi 3. Ka ƙirga layukan pg_stat_activity, jerin haɗin da ke buɗe, bisa state (halin haɗin), client_addr (adireshin da ya fito) da wait_event_type (irin abin da yake jira).

In akasarinsu idle ne daga adireshi ɗaya, manhaja ce ke buɗe haɗi ba ta rufewa, ko kuma na'urar ta mutu sabar ba ta sani ba, domin Linux kan jira daƙiƙa 7200 kafin ya fara tuntuɓar ɗaya ɓangaren. Mayar da tcp_keepalives_idle daƙiƙa 60 don rage wannan jiran, ka sa PgBouncer, manhajar da ke raba haɗi kaɗan tsakanin masu shiga da yawa, a gaba da pool_mode na transaction. Masu idle in transaction kuwa, wato waɗanda suka buɗe transaction suka bar ta ba aiki, idle_in_transaction_session_timeout na minti 5 zai sallame su. Ta ALTER ROLE za ka sa? To a babbar sabar ake yi, kwafi ba ta karɓar rubutu.

Wanda ya fi ruɗa mutane shi ne a ga haɗi ɗari duk active suna jiran Lock, alhali ba mai rubuta komai a nan. Daga babbar sabar abin ya faro. ALTER TABLE, ko VACUUM (aikin share matattun layuka) da ke datse wutsiyar tebur, yana kama kulle mai hana ko karatu, kullen kuma ya biyo WAL, kundin canje-canjen da babbar sabar ke turowa, zuwa kwafi. Idan ya tarar da doguwar tambaya (query) a kan teburin sai ya tsaya jiranta, duk tambayar da ta zo daga baya ta bi layi a bayansa. Jiran ba ya wuce max_standby_streaming_delay, daƙiƙa 30 a asali, amma wasu kan mayar da shi -1 don kada a soke musu rahoto, shi ke nan jira ba iyaka. Nemo doguwar tambayar ta amfani da pg_blocking_pids, ka yanke ta da pg_terminate_backend, layin zai watse nan take. Sannan ka mayar da iyakar, ka kashe vacuum_truncate, wato datse wutsiyar, a babbar sabar a teburan da abin ke yawan faruwa.

Kada ka dogara da hot_standby_feedback a nan. Goge tsofaffin layuka yake hanawa, bai shafi kulle ba, kuma yana kumbura tebura a babbar sabar.